Mudun da Za Mu Auna Ruwan Majema da Shi

Jawabin shugaban kwamitin ayyuka a babban taron ƙungiya na shekara



Mai girma shugaban taro, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, limamanmu da malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, wakilan rassanmu na Kano da Kaduna da Abuja da Legas, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, muna yi muku barka da zuwa gida. Muna gode wa Allah da ya sake haɗa fuskokinmu cikin ƙoshin lafiya, muna kuma roƙonsa ya jiƙan waɗanda muka zauna da su bara amma bana babu su.

Kamar yadda kowa ya sani, babban taron da ya gabata ya amince a ɗauke aikin jima daga tsakiyar gari a mayar da shi sabon fili, a gina wa majemanmu ƙaramar masana'anta mai gangunan juya fata, tare da tafkunan da za a riƙa tace ruwan da aka gama aiki da shi kafin ya gangara rafi. Da 'ya'yanmu injiniyoyi suka kawo jerin kayan da za a saya, babu abin da ya jawo magana kamar abu guda, wato mitar ruwa mai aiki da maganaɗisu. Rassa sun yi ta bugo waya, wasu sun rubuto takarda, tambayar kuwa iri ɗaya ce: don me za a sayi mitar da kuɗinta ya ninka na mitar famfo da muka saba gani sau da yawa, alhali ba mu gama rufin rumfar gangunan ba? Wannan tambaya ce ta masu hankali, kuma duk wanda ya cire kuɗi daga albashinsa ko daga jarin kasuwarsa ya aiko gida yana da haƙƙin a ba shi amsa. Akwai kuma waɗanda suka ce mana linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, mu bar wa injiniyoyi maganarsu. Ba mu yarda da wannan ba. Injiniya zai ɗaura mita ya koma bakin aikinsa a birni, mu ne za mu zauna da ita, kuma rijiyoyinmu da lambunanmu na fadama su ne a ƙasan wannan majema. Saboda haka kwamiti ya zauna da injiniyoyin sau da dama, ya tambaye su har suka gaji, abin da za mu faɗa yau kuwa shi ne abin da muka fahimta muka kuma gamsu da shi.

Da farko dai, me ya sa za a auna ruwan da za a zubar? Iyayenmu sun yi jima da toka da bagaruwa shekaru aru-aru, fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, kuma babu wanda ya taɓa auna ruwan kwatarniya. Gaskiya ne. To amma jimar zamani wata aba ce daban, domin a masana'anta irin wannan tan guda na ɗanyar fata yakan ci ruwa lita dubu 30 zuwa dubu 40, kuma kusan duk wannan ruwa fitowa yake yi ɗauke da sinadarai. 'Yan'uwanmu mazauna Kano ba sa bukatar a ba su labarin abin da ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ya yi wa kogin Challawa da rafin Jakara. Sun ga launinsa, sun ji warinsa. Tace irin wannan ruwa kuwa aiki ne na lissafi. Yawan alam da sauran magungunan da za a zuba ya dogara ne a kan yawan ruwan da ya shigo. Kwanakin da ruwa zai yi a tafki kafin laka ta kwanta su ma sun dogara a kan yawan abin da ake turo masa kowace rana. Idan aka zuba magani da ka, ko dai a yi asarar kuɗi ko a saki guba. Bugu da ƙari, idan mun san abin da ya shiga tafki da abin da ya fita, ranar da bambancin ya wuce abin da rana ke ƙafarwa mun san tafkin ya fara yoyo ta ƙasa, tun kafin ruwan rijiyar wani ya canza ɗanɗano. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Akwai kuma batun hukuma. Tun abin da ya faru a garin Koko a 1988, lokacin da aka jibge dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya, Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da masana'antun fata. Duk ranar da jami'i ya zo, ko manomin fadama ya kai ƙara gaban Hakimi cewa ruwanmu ya ƙona masa albasa, littafin da aka rubuta awon kowace rana shi ne shaidarmu. Addininmu ya tsawata ƙwarai a kan tauye mudu, mu kuwa a ganinmu wanda ke zuba wa maƙwabcinsa abin da bai san adadinsa ba yana dab da wannan laifi.

Yanzu sai mu dubi ruwan kansa, domin daga nan ne amsar take. A gaskiya ruwa iri biyu ne masu gaba da juna. Malaman kimiyya suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7. Abin da ya yi ƙasa ya karkata wajen tsami irin na ruwan batir, abin da ya yi sama kuma ya karkata wajen kaifi irin na toka da kanwa. Ruwan farko shi ne na cire gashi, inda ake jiƙa fata cikin laim, wato ƙonannar farar ƙasa, da sinadarin salfaid. Wannan yakan kai 12, yana ɗauke da gashi da kitse da guntayen nama da ɓarɓashin laim. Ruwa na biyu shi ne na tsuma fata cikin gishiri da ruwan batir, sannan a jeme ta da kurom, wannan shuɗin sinadari da ya maye gurbin bagaruwa. Shi kuma yana wajen 3 zuwa 4, ga gishiri mai yawa. Muna roƙon kowa ya riƙe wannan: idan ruwan salfaid ya gamu da ruwan tsami, wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai takan tashi, in ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta, kuma tana kashe mutum cikin ɗan lokaci kaɗan, musamman wanda ya shiga rami ko kwalbati don yasa. Don haka ne tsarin ya ba kowane ruwa bututunsa, kuma ba za mu saurari duk wanda ya zo da shawarar a haɗe su don a rage kuɗin bututu da na mita ba.

Mitar famfo da muka sani tana da 'yar farfela a ciki, ruwa na wucewa yana juya ta, ita kuma tana juya lambobi. A ruwa mai tsabta tana yin shekaru. A saka ta cikin ruwan cire gashi kuwa, gashi zai nannaɗe farfelar, laim ya daskare a kanta, yashi ya cinye boris ɗinta. A ruwan kurom gishiri da tsami ne za su ci ƙarfen. Abin da ya fi damun mu shi ne irin wannan mita ba ta mutuwa farat ɗaya a gane; takan fara da nawa, tana ƙirga ƙasa da abin da ya wuce, mai zuba magani yana bin lambarta yana ragewa, ruwa na fita da rabin gubarsa, kowa yana zaton lafiya. In an maye ta da sabuwa haka za a sake yi. Araha ba ta ado.

Ita mitar maganaɗisu, idan ka ɗaga ta ka leƙa, za ka hango haske ta ɗaya gefen. Bututu ne kawai, babu farfela, babu abin da ke motsi, babu abin da ya tare hanya. To da me take awo? Waɗanda muka koya wa darasin kimiyya a aji shida za su tuna da dainamon keke: taya na juya maganaɗisu kusa da naɗin waya, sai fitila ta kama, in ka ƙara gudu ta ƙara haske. Wanda ya gano wannan sirri shi ne Michael Faraday, Baturen Ingila, a 1831, ɗan maƙeri wanda bai yi nisa a makaranta ba, ya fara da koyon ɗinkin littattafai, abin da ya kamata yaranmu masu raina sana'ar gidansu su sani. Ya nuna cewa duk abin da wutar lantarki ke iya bi ta cikinsa, idan ya gifta ta gaban maganaɗisu, wuta takan ɗarsu a jikinsa gwargwadon saurinsa. Ruwa mai gishiri yana cikin irin waɗannan abubuwa. A 1832 Faraday ya je gadar Watalu a birnin Landan ya zura faranta biyu na ƙarfe cikin kogin Tems, yana son ya auna gudun kogin ta amfani da maganaɗisun da Allah ya halitta a jikin duniya. Bai samu abin da yake nema ba, domin na'urorin zamaninsa ba su kai ba. Sai a farkon shekarun 1950 aka fara ƙera irin wannan mita don sayarwa ga masana'antu, a shekarun 1970 kuma aka samo dabarar kunna maganaɗisun ana kashewa ana juya shi sau da yawa cikin daƙiƙa, wadda ta sa awon ya daina zamewa.

Ga yadda aka gina ta. A sama da ƙasan bututun, ta waje inda ruwa ba ya taɓawa, akwai naɗin waya biyu da ke zama maganaɗisu idan an ba su wuta. A gefe da gefe, ta ciki, akwai ƙusoshi biyu na ƙarfe masu kai kamar maɓallin riga, su kaɗai ne ƙarfen da ke taɓa ruwa. Ruwa na wucewa, 'yar wuta na ɗarsuwa tsakanin ƙusoshin, akwatin lissafi na karanta ta ya san saurin ruwan, tun da kuma faɗin bututun sananne ne, sai ya fitar da adadin lita. Misali, bututu mai faɗin inci 4, idan ruwa na tafiyar mita 2 a daƙiƙa, yana wuce da kimanin lita dubu 56 a awa guda. Mai inci 2 kuwa kimanin lita dubu 14. Kaurin ruwan ko zafinsa ko yawan lakar da ke ciki ba su cika canza wannan lissafi ba, kuma mita mai kyau kuskurenta bai wuce rabin lita cikin lita ɗari ba. Wannan ne ya sa masana'antun takarda da na taki da ma'adinai da gidajen tace ruwan bahaya a duniya suka rungume ta. Gishirin nan da ke kashe mitar farfela, ita taimakonta yake yi.

Sai dai a nan ne inda ake yin asarar kuɗi, kuma a nan muke son wakilin da zai je sayayya ya buɗe kunnensa. Sunan mitar maganaɗisu kaɗai ba ya tabbatar da cewa za ta jure ruwanmu. Abu biyu ne ke taɓa ruwa, su ne kuma ke yanke hukunci: shafin da aka yi wa cikin bututun, kamar yadda ake yi wa babbar riga shafi, da kuma ƙarfen ƙusoshin. Shafin dole ne, domin in babu shi ƙarfen bututun zai shanye 'yar wutar da ake son aunawa. Akwai na baƙar roba mai tauri, wanda ya dace da ruwan sha da ruwan kwata na yau da kullum. Akwai na wata roba da ake kira foliyuritan, gwanar jure gurzar yashi da tsakuwa, amma ba ta son zafi ko sinadari mai ƙarfi. Akwai na Teflon, wannan farin abu mai santsi da matanmu suka sani a jikin kaskon suya na zamani, wanda aka gano a Amurka a 1938. Kusan babu tsami ko kaifin da ke cin sa, kitse ma ba ya kama shi da sauƙi, amma yashi mai gudu yana cinye shi a hankali, kuma idan famfo ya tsaya ruwa ya koma baya ya zuƙe iskar bututu, shafin na iya ɓanɓarowa ya lanƙwashe ciki. Akwai kuma na tangaran, mai jure gurza da sinadari duka biyu, illarsa tsada da saurin tsagewa in ya sha duka ko aka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi. Ga ruwanmu na majema, kwamiti ya karkata ga Teflon, da sharaɗin a gina ramin da yashi zai kwanta, a kuma sa rariyar da za ta tare gashi kafin ruwa ya iso mita.

Maganar ƙusoshi ta fi wannan sarƙaƙiya. Mafi araha shi ne ƙarfen nan mara tsatsa mai lamba 316L, shi ne kuma ɗan kasuwa zai miƙo maka idan ba ka ce komai ba. A ruwan rijiya ba shi da laifi. A ruwan gishiri mai tsami kuwa yakan yi ƙananan ramuka kamar wanda ya yi ƙyanda, har ruwa ya samu hanya ya shiga wajen naɗin waya, daga nan mita ta gama aiki. Sama da shi akwai Hastelloy, gaurayen nikel da wasu ƙarafa, mai jure abubuwa da yawa ta ɓangaren tsami da ta ɓangaren kaifi. Akwai taitaniyam, wanda ke son ruwan gishiri amma ruwan batir na cin sa. Akwai tantalam, ƙarfen da ake samu daga dutsen tantalait, ɗan'uwan kwalambait da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, ana kuma samun sa a jihar Nasarawa. Wato mu ke haƙo shi, a fita da shi, a dawo mana da shi a matsayin kan ƙusa da tsadar gaske. Tantalam sarki ne a gaban tsami, ruwan batir ba ya yi masa komai. Wani daga cikin masu neman kwangila ya ce mana tun da shi ne mafi tsada a cikin waɗanda ya kawo, a saka shi ko'ina a huta. Da muka bincika sai muka tarar kaifi mai ƙarfi irin na soda shi ne babban makashin tantalam. Ke nan ƙarfen da zai yi shekaru a bututun kurom bai dace a kai shi bututun laim ba, komai tsadarsa. Mafi juriya duka shi ne falatinam, amma wannan sai dai mu ji labarinsa.

Saboda haka ba za mu sayi mita da baki ba. Za a ɗebi ruwan kowane mataki daga wata majema da ke irin aikin da za mu yi, a kai ɗakin gwaji, ko a Cibiyar Nazarin Fata da ke Samaru a Zariya ko a ɗaya daga jami'o'inmu, a rubuto mana tsaminsa da gishirinsa da zafinsa da yawan lakarsa. Wannan takarda za a miƙa wa mai sayarwa, shi kuma ya rubuto irin shafi da irin ƙusar da kamfanin da ya ƙera ya amince da su ga wannan ruwa, ya sa hannu. Manyan maƙera irin su Krohne da Siemens da ABB da Yokogawa da Endress+Hauser duk suna da jadawalin da ke nuna wane ƙarfe ya dace da wane sinadari. Wanda ya kasa kawo wannan takarda, cinikin biri a sama yake so mu yi.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda wannan mita ba ta da amfani ko kaɗan, domin wani reshe ya ba da shawarar a sayi guda a ɗora a tankin man janareta don a toshe ɓarnar mai. Niyyar tana da kyau, amma ba za ta yi ba. Man dizal da fetur da kananzir da man gyaɗa wutar lantarki ba ta bin cikinsu, don haka mitar ba za ta ga komai ba, ko da ganga ɗari ta wuce. Haka iska da tururi, haka ruwan da aka tace ƙwarai irin wanda ake ƙara wa batir. Tankin mai yana bukatar mita irin ta gidan mai, da kwaɗo, da amintaccen mutum.

Sauran maganar ta ɗauri ce, kuma a nan ne 'yan gida za su sa ido, domin an sha sayen abu mai kyau a ƙasar nan a lalata shi ranar ɗaurawa. Mitar tana lissafi ne a kan cewa bututun cike yake. In ruwa rabi ne, ko akwai kumfa da iska, lambar da za ta bayar tatsuniya ce. Don haka ba a ɗaura ta a ƙololuwar bututu inda iska ke taruwa, ba a kuma ɗaura ta inda ruwa ke zubowa ƙasa a sake. Mafi kyau a tsayar da ita ruwa na hawa daga ƙasa zuwa sama, ta haka kullum a cike take, laka kuma ba ta kwanta mata a gefe ɗaya. In dole a kwantar da ita, to ƙusoshin su kasance a gefe da gefe, kamar ƙarfe uku da ƙarfe tara a fuskar agogo, kada ɗaya ya nutse cikin laka ɗaya ya zauna cikin iska. Tana kuma son miƙaƙƙen bututu kafin ta da bayanta, ba gwiwa ba bawul: abin da aka saba shi ne tsawon da ya ninka faɗin bututu sau biyar a gaba, sau biyu ko uku a baya. Ga bututun inci 4, inci 20 ke nan da kuma inci 8 zuwa 12. Wannan ma'aikacin famfo na iya auna shi da tef a gabanmu. Ta kasance bayan injin turo ruwa, kada a sa ta a bakin da yake zuƙa.

Kitse shi ne abokin gabar da ba a gani. Ruwan cire gashi yana shafe ƙusoshin da maiƙo da laim sannu a hankali, har su daina jin wutar. Maganinsa a zaɓi girman mita yadda ruwa zai riƙa gudun kusan mita 2 a daƙiƙa, ya wanke su da kansa, ba tare da ya yi saurin da yashi zai gurje shafi ba. Ma'ana, sayen babbar mita don a burge baƙi kuskure ne. Sau da yawa wadda ta ɗan fi bututun ƙanƙanta ita ce daidai. A kuma yi mata bututun kewaye da bawul, yadda za a iya kwance ta a wanke da tsumma mai laushi ba tare da an tsayar da aiki ba. Kada wani yaro ya sa mata wuƙa ko burushin ƙarfe.

Sai wuta. Wutar da ke ɗarsuwa tsakanin ƙusoshin nan sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin batirin tocila ba, saboda haka duk wata ɓatacciyar wuta daga injin ko walda na iya rikita ta. Dole a haɗa mitar da ruwan da ƙasa da waya mai kyau. Tun da bututunmu na roba ne, sai an sa zobban ƙarfe a bakinta biyu, su ma daga irin ƙarfen da ke jure ruwan, in ba haka ba su ne za su fara narkewa. Halin wutarmu kuwa kowa ya san shi, ga kuma tsawar damina. Akwatin lissafin ba ya cin wuta fiye da ƙaramin ƙwan fitila, don haka faifan sola da batir sun ishe shi, tare da na'urar kare tsawa. Akwai masu aiki da batirin cikinsu shekaru da dama, amma an fi yin su don ruwan sha, ba mu ga ya dace a kai su ruwa mai laka ba. A ɗaga akwatin a bango cikin inuwa nesa da tururin salfaid, wanda ke baƙanta tagulla ya cinye wayoyi, shi kuma bututun awon a sayi wanda aka yi wa hatimin IP68, mai jure nutsewa, domin ramin da zai zauna zai cika da ruwa a watan Agusta ko mun so ko mun ƙi.

Akwai wuri guda da kwamiti ya saɓa wa jerin injiniyoyi. Sun rubuta mita uku: ɗaya a bututun laim, ɗaya a na kurom, ɗaya a mafita ta ƙarshe inda tataccen ruwa ke barin tafki. To amma a mafitar nan ruwa gangarowa yake yi da kansa cikin buɗaɗɗiyar kwata, ba injin da ke turo shi, wani lokaci ma ɗan tsiyaye ne. Kafin mitar maganaɗisu ta yi aiki a can sai an yi wa bututu lanƙwasa ƙasa don ya zauna a cike, nan kuwa laka za ta samu wurin kwana. Ga irin wannan wuri akwai tsohuwar dabara mai sauƙi: a gitta farantin da aka yanka masa baki mai siffar V a cikin kwatar, a kafa ma'aunin tsawo a gefe, tsayin ruwan da ke tsallake bakin shi ke nuna yawansa bisa jadawali. Ba wuta, ba waya, ɗan sakandare na iya karantawa safe da yamma ya rubuta. Ba ta kai mita daidaito ba, amma ta isa abin da ake bukata a can. Injiniyoyin sun yi gardama, daga baya suka amince.

Abin da muke kawowa gaban wannan taro don amincewa ke nan: a sayi mitar maganaɗisu biyu, duka masu shafin Teflon, a bar zaɓin ƙusoshin kowace sai sakamakon gwaji ya fito. In kuɗin bana bai kai biyu ba, a fara da ta bututun kurom, domin kurom shi ne gubar da ke zama cikin ƙasa ba ta ruɓewa, shi ne kuma ake iya kwantarwa a sake amfani da shi idan an san adadin ruwan, abin da zai rage wa majemanmu kuɗin sayen sabo. Muna roƙon reshen Legas, da yake su ne kusa da wakilan kamfanonin, su samo mana farashi daga wurare uku a rubuce, kowanne da takardar gwajin da aka yi wa mitar a masana'anta da lambarta a jiki. Reshen Kano su taimaka da ɗebo ruwan gwaji, reshen Kaduna su kai shi Zariya. Muna kuma neman matasa biyu daga gidajen majema, waɗanda suka gama sakandare, da za su tsaya tare da injiniya tun daga ranar da za a buɗe kwali har ranar da za a kunna, su ne za su riƙe littafin awo. Duk mai ɗa ko ƙane da ya dace ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.